Amfilifaya tana ɗaukewa tun da aka yi mata birij da wufa biyu: om nawa take ɗauka ke nan?

Direban_Dare ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu harkar sauti a mota. Wata matsala ce ta sha mini kai, don Allah masana a duba mini.

Amfilifayata mai canel biyu ce, 'yar ajin AB. Ɗan littafin da ya zo da ita ya ce tana ba da wat 75 a kowane canel idan turjiyar sifika om 4 ce, wat 120 a kowane canel idan om 2 ce, sai kuma wat 240 idan an yi birij, wato an haɗa canel biyun su zama ɗaya, a om 4. A but ina da wufa biyu, wato sifikun bes, 'yan inci 10, kowace om 4 mai koyil ɗaya, an rubuta wat 200 RMS a bayan maganaɗisunta, wato wutar da za ta iya jurewa a kai a kai. Akwati ɗaya suke ciki, rufaffe, amma kowace da ɗakinta.

Da can kowace wufa tana kan canel ɗinta, ba ta taɓa ba ni matsala ba, ni dai ina son ƙarin duka ne kawai. Sai wani mai haɗa kayan sauti ya ce a yi birij. Ya haɗa fulas ɗin wufofin biyu wuri ɗaya, mainos ma wuri ɗaya, ya kai fulas ramin L+ na canel ɗin hagu, mainos kuma ramin R- na canel ɗin dama. Ya ce mini yanzu om 2 ke nan, kuma ga shi a rubuce amfilifayar tana ɗaukar om 2, don haka ba komai.

Gaskiya dukan ya ƙaru, har madubin tsakiya yana rawa. Amma da na ɗaga murya, waƙa uku ko huɗu, sai bes ya ɗauke ɗif, koriyar fitila ta koma ja. In na taɓa jikin amfilifayar ba na iya barin hannuna a kai. In ta huce sai ta dawo da kanta. Da daddare kuma fitilun gaba suna dishewa duk lokacin da bes ya buga.

Na cire wayoyin na auna da mita, sai na ga 1.8, ba 2 ba.

Abin da nake son sani: shin birij yana canza om ɗin sifika ne? In amfilifayar tana ɗaukar om 2, me ya sa take ɗaukewa? Kuma me zan yi ba tare da na sayi sabuwa ba?

MaiBes_1200 ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Oga wuta ce ba ta isar ta. Tunda fitilu suna dishewa ai magana ta ƙare. Canza waya ka sa mai kauri, ka ƙara kafasita mai ajiye wuta, ka ɗaura mata ɗan fanka. Nawa haka na yi.

Tsohon_Mai_Gyara ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Malam Direba, kafin ka karanta sauran maganata, je ka zare wayar nan. Kada ka sake kunna ta a haka ko da murya ƙasa-ƙasa ce. Jar fitilar nan da kake jin haushinta ita ce ta tsare maka amfilifaya har yau, kuma ba kullum take riga wuta ba.

MaiBes, ba a nan gizo yake saƙar ba. Dishewar fitilu alama ce, ba ita ce cutar ba. In ya sa waya mai kauri da kafasita, abin da ya yi shi ne ya buɗe wa amfilifayar hanya ta ƙara zuƙar wutar da za ta ƙona kanta da ita.

Mai haɗin naka ya karanta layi ɗaya a littafin ya tsallake na ƙasa. Om 2 da aka rubuta na kowane canel ne shi kaɗai, wato lokacin da ba a yi birij ba. Layin birij om 4 ya ce, kuma da gangan ba su rubuta adadin birij a om 2 ba. Duk inda ka ga kamfani ya yi shiru a kan wani adadi a littafin amfilifaya, to ba mantuwa ya yi ba.

Ga abin da yake faruwa a ciki. Idan ba birij, canel ɗaya ne yake tura wuta, ɗayan ƙarshen sifikar yana zaune a sifili, ba ya motsi. Da birij kuwa sifikar tana tsakanin canel biyu, kuma an juya siginar ɗaya daga cikinsu. Lokacin da na hagu ya hau sama, na dama yana sauka ƙasa daidai gwargwado. Kamar mutum biyu ne a kan zarto mai mariƙi biyu, wannan yana turawa wancan yana ja. Shi ya sa yawancin amfilifayoyin mota ake ɗaukar fulas na canel ɗaya da mainos na ɗayan: tun daga masana'anta an riga an juya canel ɗaya a ciki, ramin da aka rubuta wa mainos ɗin nan shi ne mai wuta.

To mu yi lissafi da adadin da ka kawo. Wat shi ne bolt sau bolt a raba da om. Canel ɗinka yana ba da wat 75 a om 4, wato yana fitar da kusan bolt 17.3. Karant kuwa bolt ne a raba da om: 17.3 a raba da 4, amfiya 4.3 ke nan. Wannan shi ne aikin da yake yi da can, hankalinsa kwance.

Yi birij a kan wufa ɗaya mai om 4. Wannan yana +17.3, wancan yana -17.3, tazarar da ke tsakaninsu bolt 34.6. Raba da 4, ka sami amfiya 8.7. Kuma wannan karant ɗin ba rabawa suke yi ba, nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Hanya ɗaya ce: ya fito daga canel ɗaya, ya ratsa koyil, ya shiga ɗaya canel ɗin. Kowannensu yana ɗauke da amfiya 8.7 ɗin cif. Yanzu tambayi canel guda: bolt nawa kake fitarwa? 17.3. Amfiya nawa ake ja daga gare ka? 8.7. Raba ka gani, om 2. Abin da ake nufi ke nan idan an ce kowane canel yana ganin rabin lodin, wato rabin om ɗin da aka ɗaura. Wufar tana nan om 4 ɗinta, amma wahalar da kowane canel yake sha irin ta om 2 ce.

Naka kuwa wufa biyu aka yi wa faralel, wato fulas da fulas, mainos da mainos, suka zama om 2, sannan aka yi birij. Bolt 34.6 a raba da 2, amfiya 17.3 ake nema. Kowane canel yana aiki kamar an ɗaura masa om 1. Ninki huɗu na karant ɗin da yake bayarwa da can, kuma ya haura ninki biyu na iyakar abin da aka ƙera shi ya jure.

Akwai wani abu a littafinka da ya kamata ya ja hankalinka. A takarda, ninka bolt sau biyu yana ba da wat ninki huɗu, wato 75 ya zama 300. Amma su 240 suka rubuta. Ina 60 ɗin ya tafi? Batirin mota bolt 12 ne, in inji yana aiki ya kai 14 da 'yan kai. Da wannan ba za a sami bolt 17 na sauti ba, don haka cikin amfilifayar akwai sashen da yake ɗaga wutar, da taransifomarsa ƙarama mai kama da zobe da taransistocinsa. In aka ja shi da yawa sai boltej ɗinsa ya sauka. Tun a om 4 na birij ya fara gajiya, shi ya sa aka tsaya a 240. Ka lura kuma 240 ɗin nan 120 ne sau biyu, wato adadin om 2 na kowane canel aka tara. Wannan kaɗai ya isa ya gaya maka cewa birij a om 4 da sitiriyo, wato kowane canel shi kaɗai, a om 2 aiki ɗaya ne a wurin amfilifaya. Ta riga ta kai bango a nan. Kai kuma ka ce ta ƙara ninkawa.

Zafin da kake ji kuma: 'yar ajin AB, ko a takarda ba ta wuce kashi 78 da ɗigo cikin ɗari wajen mayar da wuta sauti, a aikace kuwa ka ɗauka kashi 60 ko ƙasa da haka. Don ta ba ka wat 240 sai ta ja wajen wat 400 daga batir, kusan amfiya 29, sauran wat 160 ɗin zafi ne da jikin alminiyom ɗin zai watsar. Girman jikin an auna shi ne da wannan. A om 2 na birij, da za ta iya ba da abin da lissafi yake nema, da sai ta ja sama da amfiya 70. Ba za ta kai can ba, amma ƙoƙarin kaiwar ne yake dishe maka fitilu.

Irin waɗannan na sha buɗe su a kan tebur. Da ka ɗaga murfi warin ƙonannen allo zai tare ka. Taransistocin fitarwa jere suke a manne da jiki, za ka ga ɗaya ya tsage ko ya huje a tsakiya, ƙananan farare masu turjiya da ke kusa da ƙafafunsa sun yi baƙi, farin man da ake shafa masa a baya ya bushe ya zama gari. Abin da ya fi ciwo shi ne in taransistan ya mutu a haɗe maimakon a buɗe: sai wutar da ba ta sauti ba, tsayayya, ta zarce kai tsaye cikin koyil ɗin wufa. Za ka ga fatar wufar ta turo waje ta maƙale, sai hayaƙi. Ka yi asarar amfilifaya da wufa a lokaci ɗaya.

Fanka yana taimakon zafin jiki, ban musa ba. Amma ba ya rage amfiya ko ɗaya daga abin da yake ratsa taransista, kuma cikin taransistan yana yin zafi tun kafin alminiyom ɗin ya sani.

Ɗalibin_Lantarki ya rubuta:

Baba ya gama magana, Allah ya ƙara lafiya. Zan ɗan taɓa tambayar 1.8 ɗin da ba a amsa ba, da wata hanyar kallon rabin lodin nan wadda ni ta fi zauna mini.

Ɗauki koyil mai om 4 kamar om 2 guda biyu ne a jere. Tunda ƙarshen nan yana hawa daidai yadda wancan yake sauka, tsakiyar koyil ɗin kullum tana sifili, ba ta motsi. Ga kowane canel, tsakiyar nan ita ce kamar ƙasa, wato inda wuta take sifili. Daga bakinsa zuwa can om 2 ne kawai. Amsa ɗaya ce da ta Baba, dokar Ohm ce dai wadda Georg Ohm ya wallafa tun 1827, ba wani sirri.

Mita kuwa, abin da take aunawa shi ne turjiyar wayar koyil ga tsayayyiyar wuta. Kullum wannan yana ƙasa da adadin da aka rubuta a jikin sifika. Wufa mai om 4 takan nuna tsakanin 3.2 da 3.6 ko kusa da haka. Naka biyu a faralel sun ba da 1.8, wato kowace 3.6, lafiyarsu ƙalau. Ka dai riƙa haɗa bakunan mitar biyu tukuna ka ga abin da wayoyinta suke nunawa, ka cire shi daga adadin, domin a ƙananan om irin wannan 0.2 ma yana da tasiri.

Om 4 ɗin da aka rubuta ma adadi ne na suna. Da sauti ya fara gudana, turjiyar tana hawa da sauka gwargwadon kaurin muryar. A inda wufar da akwatinta suke amsa amo, takan haura om 20 ko fiye, sannan ta sauko kusa da abin da mita ta nuna, ta sake hawa a siraran muryoyi. Wannan ne ya sa amfilifayar ba ta ɗaukewa nan take. Wasu bugun bes ɗin suna faɗawa inda turjiya take sama, ta samu ta numfasa, wasu suna faɗawa inda take ƙasa. Sai zafi ya taru a hankali.

Wani abu da na ga ana yi: a ce za a yi wa rediyon mota birij. Ba ya yiwuwa. Ƙaramar amfilifayar da ke cikin yawancin rediyoyin nan an riga an yi mata birij a kowane canel, ta haka ne take samun wat 18 zuwa 22 na gaskiya daga bolt 14 ba tare da sashen ɗaga wuta ba, duk da wat 50 sau 4 da ake rubutawa a kwali. Dalilin da ya sa ke nan ba a taɓa jona mainos ɗin sifikar rediyo da jikin mota. Haka nan a birij ɗin amfilifaya, wayoyin biyu duk masu wuta ne. Ko wacce ta goge ta taɓa ƙarfe, wuta ta haɗe kai tsaye ke nan, wato shot.

Direban_Dare ya rubuta:

Na gode ƙwarai Baba, na gode Ɗalibi. Na zare wayar. Yanzu na fahimci abin da ya faru.

To in na mayar da wufofin siris su zama om 8 na yi birij fa? Ko in cire ɗaya in bar ɗaya a birij in sami wat 240 ɗin? Wanne ya fi duka? Sannan wani abokina yana da wufa mai koyil biyu, an rubuta om 4 sau biyu, ya ce mu yi musaya. Zai yi?

Tsohon_Mai_Gyara ya rubuta:

Madalla. Bari mu bi su.

Siris ɗin ba shi da haɗari. Mainos na ta farko ya shiga fulas na ta biyu, ragowar biyun su tafi amfilifaya, om 8 ke nan, kowane canel yana ganin 4. Amma yi lissafin: bolt 34.6 sau 34.6 a raba da 8, wat 150. Wufa biyu su raba, kowace 75. Ka ga inda muka dawo? Daidai abin da kake samu tun farko da kowace take kan canel ɗinta. Ka sha wahalar sake waya, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Abu ɗaya da ya ba ka shi ne wufofin biyu dole su buga abu iri ɗaya, kuma wannan ana samunsa ta hanyar ba canel biyun sigina ɗaya.

Wufa ɗaya a birij halal ce, littafin ya yarda. Sai dai kada adadin 240 ya ruɗe ka. Daga wat 150 zuwa 240 ƙarin ƙarar da za ka ji desibel 2 ne kacal. Wufa biyu kusa da juna suna buga bes ɗaya kuwa, a kan jimillar wat iri ɗaya, sun fi guda ɗaya da kusan desibel 3, domin faɗin fatar da ke tura iska ya ninka. Cire wannan daga wancan: biyu a wat 150 sun ɗara ɗaya a wat 240 da kusan desibel 1. Kunne da ƙyar zai bambance. Amma a biyun amfilifaya tana sanyi, kowace wufa tana cin 75 daga 200 da za ta iya. A ɗayar kuwa amfilifaya tana bakin iyakarta, wufar kuma ana ɗura mata 240 alhali 200 aka rubuta mata. Ni dai in motata ce, yadda take da can zan mayar da ita. Na san ba abin da kake son ji ba ne.

Ta abokinka mai koyil biyu, om 4 kowane: a faralel om 2, a siris om 8. Babu 4 a ciki. An gudu ba a tsira ba. Kada kuma wani ya ce ka jona koyil ɗaya ka bar ɗaya don ka sami 4. Zai yi ƙara, amma ka rage wutar da za ta iya jurewa, ka kuma canza halin wufar, akwatin ya daina dacewa da ita. Abin da za a iya yi da ita shi ne kowane koyil a canel ɗinsa da sigina ɗaya, ka koma wat 150 ɗin dai, a fata ɗaya maimakon biyu. Musayar asara ce gare ka.

Wadda take dacewa da birij ɗin amfilifaya irin taka ita ce mai koyil biyu na om 2, a yi musu siris su ba da 4. In kuma wufa biyu ake so a birij, to biyu masu om 8 a faralel, ko biyu masu om 2 a siris, ko biyu masu koyil biyu na om 4: kowace a yi wa koyil ɗinta siris ta zama 8, sannan a haɗa biyun faralel a dawo 4. Nan ne za ka sami 240 ɗin a kan fata biyu. Shi ya sa nake ce wa yara a fara duba lodin da amfilifaya take so kafin a zaɓi wufa, ba a sayo kaya a zo ana neman dabara ba.

In kuwa wufofin nan naka kake so su ci wutar da ta dace da su, abin da suke nema shi ne amfilifaya mai canel ɗaya 'yar ajin D wadda aka rubuta wa om 2, mai ba da wajen wat 400 a nan. Haɗin faralel ɗin da aka yi maka shi ne daidai gare ta. 'Yan ajin D suna kai kashi 80 zuwa 90, ba sa zafi kamar taka. Sai wannan ta koma kan sifikun ƙofa, inda za ka ji daɗinta fiye da yadda kake zato. In za ka saya, nemi wat RMS, in da hali wanda aka auna bisa ƙa'idar CTA-2006, wato a bolt 14.4 da gurɓatar sauti da ba ta wuce kashi 1 cikin ɗari ba. Manyan lambobin da ake bugawa a jikin kwali da jan fenti ka bar wa mai kwalin.

A kula, ramuka huɗu da za ka gani a bayan mai canel ɗaya ba canel biyu ba ne. A ciki a haɗe suke, don sauƙin jona wufa biyu aka yi su. Ba a yi mata birij. Akwai waɗanda kamfani ya ƙera don a haɗa guda biyu iri ɗaya, ɗaya ta jagoranci ɗaya, kuma a nan ma dokar ba ta canza ba: kowace rabin lodin take gani.

MaiBes_1200 ya rubuta:

Baba ranka ya daɗe, ni fa tawa mai canel biyu ce, birij a om 2, ta daɗe tana aiki ba ta taɓa ɗaukewa ba. Ya ke nan?

Tsohon_Mai_Gyara ya rubuta:

Ɗana, duba littafinta. Akwai masu canel biyu da aka ƙera su jure om 1 a kowane canel, irin waɗannan birij a om 2 aikinsu ne, kuma za ka gani a rubuce ɓaro-ɓaro. Za ka gane su da nauyi, da yawan taransistoci, da girman fis. In taka irin su ce, ba ka saɓa komai ba.

In ba a rubuta ba kuma tana aiki, to ɗaya daga biyu: ko ba ka kai ta ƙarshen murya, ko akwatinka yana ɗaga turjiyar a daidai inda waƙoƙinka suke bugawa, kamar yadda Ɗalibi ya bayyana. Waƙa ba tsayayyen sauti ba ce, tana da hawa da sauka, matsakaicin wutar da take ci ya yi ƙasa sosai da ƙololuwarta. Ranar da aka sa mata bes mai ja da tsawo, mota ta wuni a rana, but a rufe, ranar ce za a san gaskiya. Ni ba zan ba wani shawara da sa'ar da ka ci ba.

Sirarar waya ma, abin dariya, takan ɓoye irin wannan matsala, domin tana shaƙe wutar kafin ta isa. Waya mai kauri abu ne mai kyau, tagulla zalla ta fi alminiyom da aka yi wa rufin tagulla, fis kuma ya zauna kusa da batir, kada ya wuce santimita 45. Amma a gyara lodi tukuna.

Direban_Dare ya rubuta:

Na mayar da kowace canel ɗinta. Ta daina ɗaukewa, ɗumi kawai take yi. Saura abu ɗaya Baba: mai haɗin ya murɗa gen, wato maɓallin daidaita ƙarfin siginar da ke shiga amfilifaya, da maɓallin ƙarin bes lokacin da ya yi birij, ban san inda suke da can ba. Yaya zan saita?

Tsohon_Mai_Gyara ya rubuta:

Tunda kana da mita, abin mai sauƙi ne. Zare wayoyin wufa daga amfilifaya. Mayar da ƙarin bes sifili, a amfilifaya da rediyo duka, domin kowane desibel 3 da ka ƙara ninkin wat yake nema, desibel 6 ninki huɗu, kuma ba ta da su. Murɗa gen ƙasa gaba ɗaya. Tayar da inji. Sa tsayayyen sautin gwaji na 50 Hz, ka kai muryar rediyo wajen kashi uku cikin huɗu, kada ka ƙure ta, yawancinsu suna fara gurɓata sauti kafin ƙarshe. In sifikun ƙofa suna kan rediyon, zare su ko ka kashe su kafin nan.

Sa mita a ma'aunin bolt AC, ka ɗora bakunanta a fulas da mainos na canel ɗaya, ka riƙa ɗaga gen a hankali har ka ga 17.3. Tsaya nan. Duba ɗaya canel ɗin, ya kamata su yi daidai ko kusa. Adadin daga ina? Wat sau om, 75 sau 4 ya ba da 300, sai ka nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da 300. In wata rana ka sami wufar da ta dace ka yi birij a om 4, to 240 sau 4 ne, 960, wato bolt 31, kuma a tsakanin L+ da R- za ka auna.

Matatar da ke tare siraran muryoyi ka buɗe ta sama lokacin awon don kada ta rage maka adadin, in ka gama ka dawo da ita wajen 80 Hz. In rediyonka yana da ramin fitar da siginar wufa, yi amfani da shi don canel biyun su sami abu ɗaya. Sannan ka tabbata fulas na kowace wufa yana kan fulas, musamman a canel ɗin da aka taɓa wayarsa. In ɗaya ta juye, za ka ga fatun suna motsi sosai amma bes ya ɓace.